An Yanka Mai Jego

Tun daga bakin ƙofa Auta ta ji ƙamshin nama, alhali kuwa ta san da safe ba ta ware wa kowa abin yanka ba. Daga kemis ɗin da take aiki ta dawo, ƙafafu kamar ba nata ba saboda tsayuwa. A falo ta tarar da Yaya Babba, wan mijinta, ya miƙe a doguwar kujera yana sakace, ga faranti a gabansa ƙasusuwa tsibi guda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa ta hanci, ta wuce lungun baya ko jaka ba ta ajiye ba.

Lungun nan fa ba wani fili ba ne, ɗan tsukuku ne tsakanin katanga da bangon kicin. Mijinta Dogo, kafinta, shi ya tattaro guntayen katako daga shago ya buga akurkin kaji a ƙasa, kejin zomaye a sama. Ita kuma Auta ita ce da shara da dusa da ruwa, ita ke bin kasuwa ta roƙo ɓawon kabeji da ganyen karas wajen masu kayan miya. Da wannan wahalar 'ya'yansu biyu ke ganin nama a miya, a garin da mahauci ya zama sai kallo daga nesa.

Kejin farar zomanya a buɗe yake. A cikin akwatin haihuwa, ƙarƙashin gashin da ta tsige daga cikinta ta rufe su, 'ya'yanta na ta mutsu-mutsu, ko ido ba su buɗe ba. Fatar uwarsu kuwa ga ta can a rataye a ƙusa, ƙuda na bi.

Dogo ya biyo ta yana sosa ƙeya. Wai Yaya ne ya zo da yunwa, ya zagaya lungu, ya nuna wadda ta fi ƙiba. Wai da ya ga tana kwance nesa da akwati sai ya ce ai wannan ba ta da 'ya'ya. Auta ta tambaye shi ko shi ma bai san zomanya ba ta zama a kan 'ya'yanta kamar kaza ba, sau ɗaya take shiga ta ba su nono ta fito. Ya ce ya sani. Ta tambaye shi wa ya riƙe wuƙar. Ya sunkuyar da kai.

"Ka san mai jego ce, Dogo, ka kwantar da ita ka yanka?"

"Sori mana, Auta. Yaya ne fa. Ya zan yi in ce masa a'a?"

Wannan magana ita ce cutar gidan tun ranar da aka kafa shi. Yaya Babba ne ya riƙe Dogo bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, kuma bai taɓa bari an manta ba. In ya zo sai ya tafi da zakara a hammata. In matarsa ta yi baƙi sai a aiko a kwashe ƙwai har da na kwanci. Auta ta yi ta haɗiyewa, don tana son mijinta, mutumin da ranar da ta fara kai masa gyaran kujera ya kasa kallon idonta har ya buge yatsa da guduma. Kunyar nan ce ta sace mata zuciya a lokacin. Ashe kunyar da ta kai ta gidan ita ce za ta riƙa cinye mata kiwo.

Yau kam tura ta kai bango. Ta fito falo ta tsaya, ba durƙuso, ta gaya wa Yaya Babba cewa abin da ya ci uwar jarirai ce, kuma 'ya'yan mutuwa za su yi. Ya cire tsinken daga baki ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce dabba dai dabba ce, kuma shi a gidan ƙaninsa yake, wanda ya ci da shi ya sha da shi tun ba a san za a haifi wata mai tsayawa a kansa ba. Ya ƙara da cewa gara a bar kaza cikin gashinta. Auta ta juya ta kalli Dogo, tana jiran kalma ɗaya tak. Bawan Allahn nan ya tsaya jikin labule yana kallon siminti kamar an aiko shi ƙirga tsaga.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yaya ta san halinsa, ba ta taɓa sa rai da shi ba. Dogo ne ya ƙona mata rai. Ta zuba kayan yara a jaka tana hawaye, hawayen takaici masu zafi, ta kama hannun 'ya'yanta. A bakin ƙofa ta ce masa ta gaji da auren mutum biyu, ɗaya ya ci, ɗaya ya yi shiru, in ya samo bakinsa ya san inda take.

Da ta isa gidansu, Ummanta ba ta goya mata baya ba, ba ta kuma kore ta ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce namijin da ba ya ɗaga murya ba a samunsa a kasuwa, amma kuma gidan da ba shi da ƙofa ba gida ba ne. Ta ce ta zauna ta huce, kada dai ta furta abin da ba ya komawa. Auta ta ce ita ba hucewa za ta yi ba, ta kwanta tana tsaki.

Washegari tana bayan kantar kemis, tana ƙulla wa wata tsohuwa ƙwayoyin hawan jini a leda, sai ga Dogo ya shigo da kwalin taliya rungume a ƙirji, ƙurar katako har a gira. Ya jira layi ya ƙare kamar kowane kwastoma, sannan ya ajiye kwalin a kan gilashi ya buɗe. Biyu daga cikin jariran sun riga sun sandare. Sauran fatarsu ta yamutse, cikinsu ya lafe. Ya ce ya dama madarar gari ya ɗura musu da sirinji, sai ta riƙa fitowa ta hanci.

Ta so ta ce ya kai wa Yayansa ya ba su nono. Maganar har ta zo bakinta. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗago ɗan kansa yana lalube a iska, ta ji ba za ta iya ba. Ta roƙi mai kemis ya ba ta ɗan lokaci, ta fizge kwalin ta yi gaba, Dogo na binta. A hanya ta gaya masa kada ma ya yi murna, don zomaye ta dawo, ba don shi ba.

Akwai wata baƙar zomanya da ta haihu kusan lokaci ɗaya da farar. Auta ta fito da ita ta sa a wani keji da ganye. Ta wanke hannu ta goge ƙamshin magani, ta ɗebo gashi da ciyawar sheƙar baƙar, ta riƙa murza wa marayun ɗaya bayan ɗaya har warin uwarsu ya ɓace, sannan ta cusa su tsakiyar 'ya'yan gida ta rufe. Ta ce a bar su su cakuɗu kafin a mayar da uwar, in ta shinshino baƙo cizo za ta yi. Dogo na tsugune yana miƙo mata abin da ta nema, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Suna cikin haka aka turo ƙofar gida ba sallama. Yaya Babba ne, da buhu a hannu. Surukansa za su zo, kaji yake so, masu ƙwai ɗin nan da suka yi ɓul-ɓul. Da ya hango Auta sai ya yi dariya, ya ce ashe an dawo, ai dama ya gaya wa Dogo ya rabu da ita, macen da ke ɗaga wa wan miji murya a kan zomo gobe uwa za ta zaga. Ya nufo akurki yana warware bakin buhu.

Auta ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta riga ta yanke a ranta, in buhun nan ya fita da ko gashin kaza ne, ita ma ta fita ke nan har abada. Ba ta kalli kowa ba.

Sai ta ji motsi. Dogo ya tashi ya tsaya a bakin lungun, tsawonsa ya cike ƙofar.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba za a kama ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba za a kama ba. Kai ka riƙe ni, har in mutu ba zan manta ba. In aikin hannuna kake so, ko tsakar dare ka kira ni zan zo. Amma abin da ke lungun nan guminta ne, abincin 'ya'yana ne. Kuma matata ba inda za ta."

Bai matsa daga bakin lungun ba. Yaya Babba ya zazzaga masa ta uwa ta uba, ya kira shi butulu, ya kira shi mijin-ta-ce, ya rantse ƙafarsa ta bar gidan. Dogo ya sha duka bai rama ko ɗaya ba. Da Yaya ya fita ya bugo ƙofa, sai Dogo ya sulale ya zauna a kan buhun dusa ya rufe fuska da tafin hannu, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro.

Auta ta dube shi. Fushin bai tafi duka ba, kuma ba ta yi kamar ya tafi ba. Ta gaya masa shekarun da ta yi tana jiran wannan kalma sun fi ƙarfin a wanke su da hawayen yini ɗaya. Ta ce kuma gobe zai ɗauki zakaran da ita za ta ware da hannunta ya kai wa Yaya har gida, don ba ta auro shi don ta raba shi da ɗan'uwansa ba, kyauta daban, ƙwace daban. Ya gyaɗa kai. Sannan ta ɗauko baƙar zomanya ta mayar kejinta. Zomanyar ta leƙa akwati, ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, ta juya ta ci gaba da cin ganyenta.

"Tashi ka wanke fuska," in ji Auta. "Ka je gidan Umma ka ɗauko min yarana da jakata."

Girmama na gaba wajibi ne, amma duk namijin da ya mayar da gumin matarsa abin biyan kunyarsa, gidansa yake yankawa da hannunsa. Ita kuma mai haƙuri, ko an daɗe, takan ga ranar da za a tsaya mata a bakin ƙofa.