Gizo Mai Ƙafa Bakwai

"Wa ya ce ki tone ta?" in ji Mai Gilashi.

"Wa ya ce kar in tone ta? Cewa ka yi in riƙa yayyafa ruwa, ka juya ka tafi."

Mai Gilashi ya tsuguna a bayan kantar shagon baban budurwarsa, inda ake gyaran agogo, yana duban akwatin gilashin da ya bar mata ajiya. Ƙasar ciki a tone take, ga cokalin shayi a gefe. Gizonsa tana kwance rigingine, rabin jikinta ya fita daga tsohuwar fata, ƙafafu uku sun maƙale.

Shekara shida yana kiwonta. Irin gizo-gizon nan ce da ke haƙa rami ta yi masa marfi da ƙasa da saƙa. In za ta yi saɓa sai ta liƙe marfin, ta daina cin abinci. Wanda ya taɓa ta a lokacin yana iya kashe ta.

A kan akwatin nan suka haɗu, shi da budurwar. Ta kai masa fuskar agogon bango ya yanka mata sabuwa, ta ga akwati cike da ƙasa a kan teburinsa, ta ce, "Malam, ƙasa kake kiwo?" Ya jefa gyare ciki. Marfi ya ɗaga, gyare ya ɓace. Ba ta gudu ba, cewa ta yi a ƙara wani. Tun ranar yake kiranta 'Yar Agogo.

Baba ne bai yarda ba. Ya ce mutumin da ke kwana da tautau a ɗaki, gaisuwarsa kuma kalma biyu, ba da shi za a haɗa zuri'a ba. Ga mai kemis na tsallaken titi, mai fara'a da mota, kullum sai ya shigo gaisuwa. Shi ya sa akwatin ya yi kwana goma a ɓoye ƙarƙashin kantar shagon, Mai Gilashi kuwa yana can wajen aikin sa tagogi.

"Duba wayarka," in ji ta.

Ya duba. Saƙonta na ranar Talata: "Nawan, ba ta buɗe ba kwana shida. Gyare na yawo a kan ƙofarta. Ina tsoron ta mutu a hannuna. Me zan yi?"

A ƙasa ga amsarsa: "Ba komai."

"Idan haka za mu zauna, ni ina tambaya kai kana ba komai, gara in sani tun yau," ta ce.

Kafin ya buɗe baki Baba ya ɗaga labule. Ya dubi akwatin, ya dubi 'yarsa.

"Ke kika shigo min da wannan abin cikin shago?"

"Ni ne, Baba," in ji Mai Gilashi. Ya miƙe. "Ni na roƙe ta. Tonon ma laifina ne. Na san saɓa za ta yi, ban gaya mata ba. Ta tambaye ni, na ƙi yin bayani. Ita ba ta yi komai ba sai kula."

Baba ya kalle shi ta saman tabarau. "Ashe kana magana."

Ya leƙa akwatin. "Ta mutu?"

"Saura kaɗan. In fatar ta bushe a ƙafafun, shi ke nan. Sai a jiƙa, a zare a hankali. Ni hannuna ya yi wa aikin nauyi."

"Matsa. Kai da ka saba da guduma."

Baba ya maƙala gilashin ƙara girma a ido, ya ɗauko hantsakin da yake ɗaga allurar agogo. 'Yar Agogo ta riƙe fitila, Mai Gilashi yana ɗiga ruwan ɗumi da ƙaramin burushi, yana faɗin inda za a kama da inda ba a taɓawa. Masu kawo gyara biyu suka yi sallama suka gaji suka tafi. Ƙafa ɗaya ta fito. Ta biyu ta fito. Ta uku ta tsinke a gindi.

"Na ɓata," in ji Baba.

"Za ta tsiro a wata saɓar, in ta kai."

Da yamma ya tura mata saƙo mafi tsawo a rayuwarsa: "'Yar Agogona, gizon ta juya da kanta, tana shan ruwa. Ki yafe min. Daga yau ko ba ki tambaya ba zan faɗa. Ina sonki, da na san kin sani shi ya sa nake shiru."

Ta amsa: "Na sani. Amma ka riƙa faɗa. Baba ya ce ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Kwana uku da tarewa Baba ya zo ganin ɗaki. Ya sa musu albarka, ya ce Allah Ya ba su haƙuri da juna da zuri'a mai jin magana. Suka ce amin. Ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya sunkuya a kan akwatin da ke gefen taga. Marfin ramin a rufe yake.

"To wata saɓar yaushe ce?"