Santsi da Teburan Jarrabawa

Na rantse ko na dafa kaina ba za ku yarda ba, wai lissafi ya taɓa kama yaro dumu-dumu. Amma an yi. 'Yan aji suna kiran yaron Santsi, domin da an ce aiki sai a neme shi a rasa.

Ran nan darasin aljabara ya faɗo a ƙarshe. Rana ta take, fanka ta mutu, rabin aji na gyangyaɗi. Malamar lissafi ma muryarta ta dushe, don tun safe take tsaye.

Ta ja layi a allo. Ta rubuta aiki a sama, yawan mutane a ƙasa.

"Amsar ita ce lokacin da aikin zai ci," in ji ta. "Idan na ƙasa ya ƙaru, lokaci ya ragu. Amma kada ku bar sifili ya zauna a ƙasa. Ba a raba abu da sifili. Babu amsa."

Santsi ya ji rabin farko. Rabi na biyu ya same shi yana hamma.

Da aka kusa tashi Malama ta ce, "Gobe jarrabawa. Ku kai teburanku ɗakin taro kafin ku tafi. Ni zan je asibiti duba mahaifiyata. Monita, na bar maka."

Tana fita Santsi ya ɗauki alli.

"Jama'a, mu arba'in ne," in ji shi yana rubutawa. "In an cire mutum ɗaya daga ƙasa, saura talatin da tara. Wa zai ga bambanci? Lissafi ne ya faɗa, ba ni ba."

"Kai dai malalaci ne," in ji monita.

"Malalaci mai hujja," in ji Santsi. Ya rataya jaka ya nufi filin ƙwallo.

Abokin zamansa ya dubi allo ya ce, "Ai talatin da takwas ma ba laifi." Shi ma ya fice. Haka suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Monita ya tafi kiransu, shi ma bai dawo ba.

Washegari Santsi ya shigo yana fito. Sai ya ga Malama a baranda tana jan tebur ita kaɗai. Idanunta sun yi ja, da alama ba ta yi barci ba. Shugaban makaranta yana bakin ɗakin taro yana duba agogo.

"Malama, in ba a gama ba kafin ƙararrawa, ajinki ya rasa takardar farko."

Fiton Santsi ya tsaya. Ya jefar da jaka ya kama ƙafar teburin. Sauran suka rugo. Da ƙyar suka gama, suka zauna rubutu.

Bayan jarrabawa Malama ta tara su a aji. Lissafin jiya yana nan a allo, ba wanda ya goge.

"Rubutun wane ne wannan?"

Aji duka ya juya ya kalli Santsi.

"Zo ka ƙarasa mana. Bayan kowa ya cire kansa, nawa ya rage a ƙasa?"

"Sifili, Malama."

"Amsar fa?"

"Babu."

"To yau za mu gwada ɗaya a ƙasa. Ka dawo da teburan nan kai kaɗai. Ƙwallo kuma sai wani jiƙon."

Tebur na farko ya zo da sauƙi. Can bayansa ya fara ciwo, ya zauna a kan matakala yana haki. Sai ya ji abokin zamansa a kansa.

"Tashi, mai hujja. Biyu ya fi ɗaya sauri."

Monita ya zo, wasu suka biyo baya. Kafin gumi ya bushe an gama. Malama ta yi murmushi, karo na farko a ranar.

"Me ka koya?"

"Aikin da yake na kowa, nawa ne ni ma," in ji Santsi. "In kowa ya zame, babu mai yi."

Ta miƙa masa tsumma. "Madalla. Goge allon kuma."