Izinin Alhaji Daudu

Radiyya na tsugune a bakin murhu tana dama koko, 'yar baƙar wayar nan na rataye a wuyanta da igiya kamar laya. Mijinta Zaharaddini, malamin firamare a nan Karaye, yana kan tabarma yana goge takalmi.

"Wai ni Radi, tsakanina da wayar nan wa kika fi so?"

Ta yi dariya. "Haba Malam! Har da waya za a yi kishi?"

Shekararsu biyu da aure, layin taimakon da ke kan wayar ma shekararsa biyu. Tare suka kafa shi, bayan Radiyya ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta rasa aiki. Lamba ɗaya ce tal, an rubuta ta da fenti a bangon masallatai da wuraren niƙa tun daga Karaye har ƙauyukan Rogo. Mai naƙuda ce, wanda maciji ya sara ne, yaro ne ya suma, filashin kawai za a yi, tunda mutumin ƙauye ba kullum yake da kati ba. Sai Radiyya ta kira ta ji matsalar, ta tura Ilu direba da keke napep ya kai su asibiti. Da kaka wasu gidaje kan ba da kwanon gyaɗa a sayar a sa kati, amma ƙarfin layin Alhaji Daudu ne, wan Zaharaddini, ɗan kasuwar hatsi. Keken nasa ne, man ma shi yake zubawa, kuma ba taron sunan da zai je bai faɗa wa jama'a haka ba.

Ba ta sauke kokon ba wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ta bi kiran.

"Radiyya... ni ce Lauratu." Matar Alhaji Daudu ce, wadda ke zaune da surukarsu Inna Kubura a gidan gado a Kafin Dafga, da cikinta wata takwas. Muryarta da ƙyar take fita. "Tun asuba jini yake zuba, ya ƙi tsayawa. Alhaji ya bi motar masara kudu, wayarsa ba ta shiga. Inna ta ce ba inda za ni sai ya yi izini."

"Innalillahi! Yaya Lauratu, ba wa Inna wayar."

Inna Kubura ba ta ma bari an gama gaisuwa ba. "Ke 'yar nan, matar aure ba ta taka zaure sai da izinin mijinta. Na ba ta jiƙo. Mu da muka haifi tara a ɗaki, wa ya kai mu asibiti?" Ƙit! Ta kashe.

Radiyya ta juyo wurin mijinta. "Malam, kai ƙaninsa ne. Ka ba da izinin a madadinsa, wannan fa imajansi ce!"

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. "Kin san halin Yaya... bari in ƙara gwada lambarsa."

Kai jama'a! Haka bawan Allahn nan ya yi ta danna lamba tun rana na fitowa har hantsi ya dubi ludayi, ana ce masa wayar a kashe take. Da Lauratu ta sake filashin, Radiyya ta kira ta ji numfashi kawai. Ta zari hijabi.

"Malam, ni matarka ce. Ni ka ba ni izini in fita?"

Ya ɗago kai ya ce, "Je ki."

Ita da Ilu suka isa Kafin Dafga. Inna ta tare ƙofar ɗaki tana salati tana tsinuwa, Radiyya ta raɓa ta gefenta ta ciccibi Lauratu, maƙwabta mata biyu suka kama mata ƙafafu. A asibiti aka shiga da ita tiyata. An ceto ranta, amma ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne, bayan 'ya'ya mata uku. Mahaifar ma sai da aka cire ta. Likita ya ce da an kawo ta tun da safe da ba a kai ga haka ba.

Kwana uku Alhaji Daudu ya dawo. Bai tambayi yadda aka yi ba, bai ce wa kowa sannu ba. Ya tara Radiyya da Zaharaddini a ɗakin Inna yana huci.

"Matata! A keken da na saya da kuɗina, a fita da ita ba izinina, a kai ta a yanka! Ke wa ya aike ki?"

"Yaya Alhaji, wallahi da an ƙara awa ɗaya..."

"Rufe min baki! Daga yau na karɓi makullin kekena. Ko ɗigon mai ba na ƙara zubawa, ku je ku tuƙa wayar!"

Inna ta nuna Zaharaddini da yatsa. "Kai kuma, ko ka raba ta da wayar nan, ko ka raba ta da gidanka. In ka ƙi, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Abin takaici, wadda ta tare ƙofa ita ce mai hukunci, wadda ta ɗauko mara lafiya a kafaɗarta ita ce mai laifi. Radiyya ta dubi mijinta tana jira ya ce shi ya ce ta je. Bakinsa ya motsa, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Da suka koma Karaye ya zauna gabanta ido jajur. "Fulis Radi, ba ni wayar in ajiye. Wata biyu kawai, ƙura ta lafa."

"Wata biyu? Lambar nan tana bangon masallatai, Malam. Wadda za ta yi filashin gobe ba ta san muna rigima ba. In ce mata ta riƙe naƙudar sai Inna ta huce?"

"Mahaifiyata ce fa!"

"Na sani. Ban ce ka saɓa mata ba. Amma a gabansu ka bar ni ni kaɗai."

Hawaye suka zubo masa. "To ki je gida ki huta... zan neme ki."

Bai sake ta ba, amma wallahi a ranar da sakin da rashinsa duk ɗaya suke a wurin Radiyya. Ta kwashi 'yan kayanta ta tafi gidan mahaifinta a Rogo Ruma, tana kuka tun daga tasha har gida.

Zaman gidan bai yi mata daɗi ba. Mata na zuwa jaje suna fita da gulma, wai boko ya kashe mata aure. Ba ta tanka wa kowa ba, ba ta kuma taɓa zagin Inna ko a bayan ido ba. Ƙuli-ƙuli ta kama yi tana sa kati da ribar. In an yi filashin ta kira, ta faɗi abin da za a yi kafin a kai asibiti, sannan ta bi 'yan acaɓa da roƙo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya je, wani ya ce sai an biya shi tukuna. Ta rame, ta yi baƙi, kuma kullum tana kewar mijinta, haushinsa bai hana ba.

A wata na biyu aka kira daga garin Fulatan. Wata yarinya ce mai haihuwar fari, mijinta Suhaibu ya tafi cirani. Radiyya ta samo mai mota da ƙyar, ya je har ƙofar gida, mazan gidan suka ce ba mai izinin fitar da ita. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Suhaibu abokin Zaharaddini ne tun suna sakandare, don haka ya je gaisuwa. Ya tarar da shi a zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Malam, da wani ya tambaye ni tun kafin in tafi, ai da na ce a kai ta! Ni na taɓa cewa a bar ta ta mutu? Ba wanda ya tambaye ni!"

Maganar nan ta tsaya wa Zaharaddini a ƙirji. Ya tuna safiyar da ya ɓata yana danna lambar wansa, ya ji ya tsani kansa. Washegari ya sami limamin unguwarsu ya tambaye shi ko ya halatta miji ya ba da izini tun kafin buƙata ta taso. Liman ya ce ƙwarai kuwa, har da lada.

Daga nan ya hau tsohon babur ɗinsa. Yau wannan masallaci, gobe wancan. In an idar da salla ya miƙe ya ba da labarin matar Suhaibu, sannan magidanta su tashi ɗaya bayan ɗaya a gaban liman su ce, "Ku shaida, ko ina nan ko ba na nan, in ciwo ya kama iyalina na ba da izini a kai su asibiti." Wasu sun yi masa dariya, wani ƙauye ma korarsa suka yi. Amma da kaka ta zo, kusan duk gidan da ya ba da izini ya ba da kwanon gyaɗa, har aka sayi wani tsohon keke aka damƙa wa Ilu.

Duk Asabar kuma yana durƙushe gaban Inna, ba ya musu, sai dai, "Ki yi haƙuri Inna, ki ba ni matata." Inna na jinsa, tana kuma kallon Lauratu da ta koma kamar kurma a tsakar gida, ba ta dariya, ba ta fira. Wata Asabar tsohuwar ta fashe da kuka.

"Ni na tare ƙofar nan, Zaharaddini. Ni ce! Je ka ɗauko 'yar mutane."

Ya iske Radiyya tana matsar tunkuza, hannu duk mai. Ya durƙusa a gabanta bai damu da ƙannenta da ke leƙe ba.

"Wata biyar, Malam," ta ce. "Wata biyar ina jira ka buɗe baki."

"Na yi laifi, Radi. Tsoro ne ya ci ni. Ki yafe min don Allah."

Ta so ta ja masa rai, sai kuka ya ƙwace mata. A ranar ta bi shi.

Kafin Dafga aka bari a ƙarshe. Magidanta suka yi ta tashi suna faɗa har masallacin ya rage mutum ɗaya a zaune. Liman ya dube shi, jama'a suka dube shi. Alhaji Daudu ya miƙe da ƙyar, ya ce cikin ƙunƙuni, "Ni ma na ba da izini." Bai ba Radiyya haƙuri ba, har yau kuwa bai ba ta ba.

Da Zaharaddini ya kawo labarin, Radiyya ta kira Lauratu da murnarta. "Yaya Lauratu, albishirinki! Yaya Alhaji ya ba da izini a gaban liman!"

Lauratu ta amsa a hankali.

"Na ji, Radiyya. Allah ya saka miki da alheri, ya bar ki da mijinki." Sai muryarta ta karye. "Amma ni yanzu me zan fita in haifa?"

Radiyya ta zauna a bakin gado tana share hawaye.

To 'yan'uwa, Radiyya ta yi haƙuri, Allah ya mayar mata da ɗakinta, layinta kuma ya tsaya da gyaɗar talakawa ba da alfarmar mutum ɗaya ba. Bin miji da bin iyaye wajibi ne, ba mai ja. Amma izini amana ce a hannun namiji, ba a ba shi don ya tsare rai da ita ba. Magidanci, kafin ka sa ƙafa a mota, ka faɗa da bakinka a gaban shaidu. Alhaji Daudu ma ya faɗa, wata biyar bayan an binne ɗansa. Allah ya sa mu gyara.