Famfon Jirgin Baba Ƙarfe

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoto cewa an sace famfon mai daga injin wani jirgin fito. Ya ɗauki Kofur suka nufi tashar jiragen ruwa.

Mai jirgin wani tsoho ne da ake kira Baba Ƙarfe. Suka same shi a bakin ruwa yana ta faɗa.

"Famfo ɗaya ne ya tara jama'a haka?" in ji Sufeto. "Ka sayi wani mana."

"Sayo min in gani! Injin nan ya girmi Kofur ɗinka. Tun damina da tsohon famfon ya mutu nake zarya shagon kayan gyara. Wani ramukan notinsa ba sa haɗuwa da na injin, wani bakin tiyonsa ya yi ƙanƙanta, wani ya zauna daram amma ba ya jan mai. Jiya na samu na ainihi na ɗaura, yau babu. Ƙungiyar masu jirage kuma ta ce in ban tashi ran kasuwa ba, layina na ɗaukar fasinja ya zama na Gajere. Ku kama Gajere kawai!"

Sufeto ya sauka cikin jirgin ya duƙa. Ba a yanke tiyo ba. Kwance shi aka yi, aka toshe bakinsa da tsumma mai tsabta. Notunan kuma an mai da su ramukansu.

"Wannan ɓarawon yana tausayin inji," ya ce wa Kofur.

Gajere na cikin nasa jirgin yana kwalfe ruwa.

"Ranka ya daɗe, ni ban ma san ya samu famfo ba."

"Ƙarya kake," in ji Kofur. "Jiya duk tashar nan ta ji ƙarar injinsa."

Gajere ya ajiye roba. "To na sani. Layin ma ina so, ban ɓoye wa kowa ba. Amma da ni ne, wuƙa zan sa wa tiyon in wuce. Wa ke da lokacin mai da noti? Sai 'yan gidansa. Duk wanda ya koyi aiki a hannun tsohon nan, in ya bar noti a ƙasa sai ya sha mari."

Daga nan sai shagon kayan gyara. Mai shagon ya rantse jiya-jiya famfon ya iso.

Sufeto ya zauna a kan wani tsohon batir. "Ka yi furfura a sana'ar nan. Mutum ya gaya maka irin injinsa, kana ta ba shi abin da ba zai shiga ba. Ko ba ka san aikinka ba, ko da gangan kake yi. Wanne ne? Ko mu ƙarasa maganar a caji ofis?"

Gumi ya karyo wa mai shago.

"Tuntuni famfon yana nan, a ƙarƙashin kanta na ɓoye shi. Jiya na fita, ƙanena bai san zancen ba ya ɗauko ya sayar masa."

"Wa ya sa ka ɓoye?"

"Babbar 'yar Baba Ƙarfe ce ta roƙe ni."

A rumfar tikiti suka same ta, ita ke yankar wa fasinjan jirgin. Baba Ƙarfe ya biyo su yana dogara sanda.

"Ni mace, me na sani a inji?" ta ce.

"Miƙo hannunki," in ji Sufeto.

Ta miƙa. Baƙin mai ne cike a ƙarƙashin farcenta, ga ɗan ƙujewar sifana a babban yatsa.

Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni na cire. Da asuba na cire, kuma ko gobe ya ɗaura wani sai na cire."

"Ke?" in ji tsohon. "Ke da na koya wa riƙe sifana?"

"Ni, Baba. Gaya wa Sufeto abin da ya faru kafin injin ya mutu. Gaya masa yadda ka nufi ƙafar gada da jirgi cike da mata da yara, sai da na fizge sitiyari daga hannunka. Ranka ya daɗe, idonsa ya tafi. Likita ya faɗa, mun faɗa, ya ce duk baƙin ciki muke masa."

"Da hancina ma na san ruwan nan!"

"Fasinja ba hancinka suka hau ba."

"Ina famfon?" in ji Sufeto.

"Yana ƙasan ruwa, inda ya fi zurfi. Gara layi ya tafi da a rasa rayuka."

Sufeto ya dubi tsohon.

"Baba, 'yarka ce. Ka janye ƙara?"

"Ban janye ba. Ɓarawo ɓarawo ne."

"Kada ma ka janye," ta ce, ta gyara mayafinta. "A gaban alƙali zan maimaita, ƙungiya ma ta ji."

Kofur ya ciro ankwa. Tsohon ya ji ƙararta, ya buga sanda a ƙasa.

"Kai, mai da abin nan! Ba gudu za ta yi ba. Taurin kaina ne da ita."

Suka sa ta a gaba zuwa mota. Tana kaiwa saman matakala ta tsaya, ba ta ko waiwayo ba.

"Gajere! Kama masa hannu ya hau. Ba zai roƙe ka ba, kuma ba ya ganin matakalar."