Randar Kaka Rifkatu

"Wai wa ya fasa randar makaranta?"

Amaryar malamin waƙa tana shara a bakin coci ta ji dattawa suna tambayar juna. Ta sunkuyar da kai.

A can wani zamani ne, a wata makarantar Kirista da ke gindin dutse. Randa ɗaya gare su, moɗa ɗaya, kowane yaro da ita yake sha. Kaka Rifkatu, matar wanda ya kafa makarantar, ita ta gina randar da hannunta, aka yi wa randar addu'a.

Sai amai da gudawa suka shigo. Yaro ya sha ya kwanta, yaro ya sha ya kwanta. Malamin asibiti ya ce a kau da randar, a riƙa dafa ruwa.

Dattawa suka ce, "Randar addu'a? Sam!"

Ran Lahadi ana cikin wa'azi, amarya ta fito neman iska. Me za ta gani? Kaka Rifkatu ce riƙe da taɓarya, ta ɗaga ta sauke a kan randar. Ruwa ya malale.

Amarya ta dafe ƙirji. "Wayyo, Kaka!"

"Laka ce, 'yata, ni na kwaɓa ta. Yaran nan fa, wa zai gina mana wasu?"

Dattawa suka ce duk wanda ya yi wannan ɓarna sai ya bar makarantar. Dole aka koma dafa ruwa, kowa da kofinsa. Yaro ya sha ya tashi, yaro ya sha ya tashi.

Amarya ta ci gaba da shararta. Ta ce a ranta, ko maigidanta ba zai ji daga bakinta ba.