Yatsan Da Ya Fara Shiga

Duk wanda ya san maƙerin nan kafin abin ya faru zai gaya maka hannunsa na da albarka. Zoben azurfa yake ƙerawa, irin wanda in ka sa sai ka manta yana yatsanka. Shi ke narkawa, ya lanƙwasa, ya liƙe baki, ya bi da magagari. Gogewar ƙarshe kuwa aikin cikin gida ne: matarsa da tsohuwarsa kan zauna a tabarma da toka da ƙyalle, suna hira suna murzawa har zobban su yi ƙyalli. 'Yarsu ɗaya tilo ita ke share maƙera, ta tankaɗe sharar don tsince garin azurfa.

Sai zobban inji suka cika kasuwa, araha kamar banza. Maƙeri ya koma yini yana kallon gawayi na mutuwa. Ba yunwa ce ta ci masa rai ba, don ba su taɓa kwana da ita ba. Motar maƙwabcinsa ce, mai sayar da na inji, mutumin da ko awartaki bai iya riƙewa ba. Ita yake kallo safe da yamma har zuciyarsa ta ruɓe.

Da rana tsaka ya je wurin boka, amma cikin ɗakin duhu ne ƙirin, ba taga. Ƙarnin jini ya tare shi tun daga ƙofa. A tsakiya akwai baƙar tukunya ɗaure da jan ƙyalle, gashin kaza ya manne a wuyanta, sama da ita kuma igiya ce rataye da tsofaffin zobba da suka yi baƙi.

"Ranka ya daɗe, na gaji," in ji maƙeri. "Shekara ashirin ina shaƙar hayaƙi."

Boka bai ɗago ba. Ya kama hannuwansa, ya auna yatsunsa goma da zare, kowanne ya yi masa ƙulli, ya jefa zaren a tukunya. Sannan ya zura hannu ya fito da dunƙulen azurfa mai sanyi.

"Wannan ba ta ƙarewa. Amma duk narki ɗaya, zobe ɗaya namu ne, kuma ba za ka gane shi ba. Yatsan da ya fara shiga cikinsa, mai shi ya zama namu."

"Mai saye ke nan?"

"Na ce yatsan da ya fara shiga."

Maƙeri ya tuna masu saye, baƙin fuskoki, waɗanda in sun mutu ko labari ba zai ji ba. Allah wadan wannan lissafi! Ya ce ya yarda.

Arziki ya zo a guje. Mutane suka yi ta turereniya a ƙofar maƙera, dunƙule kuwa kullum yana nan yadda yake. Ya rushe gida ya gina bene, ya sayi motar da ta fi ta maƙwabci. Zobba suka yi yawa, matarsa da tsohuwarsa suka duƙufa gogewa, suna sa masa albarka.

Wata safiya matar ta faɗi a kan tabarma, ƙyalle a hannunta. Da ya kama hannun yana kiranta, sai ya ga wani baƙin zane ya zagaye yatsanta kamar ƙuna. A nan ya gane. Shekara ashirin yana ganin abin da idonsa, bai taɓa kawo shi a rai ba: mai gogewa sai ta zura zoben a yatsa kafin ta murza bayansa. Kafin a yi bakwan rasuwar matar, tsohuwarsa ta haukace. Yini take tana dirzar yatsanta da toka har fata ta saɓule, tana cewa, "Bai yi haske ba tukuna, ɗana."

Ya koma wurin boka da gudu, ya zube.

"Karɓi abarka! Ka karɓi gidan, ka karɓi motar!"

"Ba a mayarwa. Ranar da ka daina narkawa, mu za mu zaɓa da kanmu."

"To ni zan fara sa kowane zobe. Ku ɗauke ni, ku bar mini yarinyata."

Boka ya yi dariya, ya nuna tukunya. "Yatsunka ai tun ranar farko muka auna. Da su kake mana aiki."

Daga nan ya hana kowa taɓa zobe. Shi kaɗai ke gogewa, a jikin sanda, ƙofa a rufe. Ya rame, ya bar wanka, maƙera ta cika da shara.

Yarinyar ta ji tausayinsa. Ranar da ya kai tsohuwa asibiti, ta ɗauki mabuɗi da tsintsiya da rariya, ta yi aikinta na da. Da ya dawo ta tare shi a ƙofa da murna, irin wadda bai gani a fuskarta ba tun rasuwar uwarta.

"Baba, ka ga abin da na tsinta ƙarƙashin uwar maƙera, inda kake dukan azurfa! Kuma daidai ni."

Ta ɗaga hannu. Ko gogewa ba a yi wa zoben ba.

Ita ma haka aka binne ta. Yau benen kango ne. Maƙeri yana yawo a bakin kasuwa, duk yarinyar da ya gani sai ya kama hannunta yana duba yatsu yana kuka, har a kore shi da duka. Kai da motar maƙwabci ke hana ka sukuni, ka ji tsoron Allah. Wanda ya yarda a ci ɗan wani don ya yi kuɗi, ya sani a tabarmar gidansa za a fara.