Kunnen Hagu na Lamba Tara

"Wasa goma sha ɗaya, ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Ki ƙirga da kanki, tun daga makon da aka sa muku rana."

Yayar wanda zan aura ce ke maganar, tana tsaye a tsakiyar falon mahaifiyarsu, hannu a ƙugu. Ni kuwa ina durƙushe gaban Umma, ban ko gama gaisuwa ba.

"Farar ƙafa gare ki, yarinyar nan. Kina shigowa rayuwarsa raga ta rufe."

A kujerar gefe ƙawarta ce zaune, wadda ta daɗe tana yi wa tanadinsa. Ta sha kwalliya kamar ita ce amaryar, tana danna waya tana murmushi.

Umma ba ta ɗago ba.

"Ni ban ce ke ce ba, 'yata," ta ce a hankali. "Amma a ɗage bikin nan tukuna. In abin bai sauya ba, sai mu sake magana..."

Na san ma'anar sake magana. Na yi sallama, sai da na kai bakin titi na bar hawayen suka zubo.

Lamba Tara ake ce masa, har sunan ya danne na yanka. Bara shi ya fi kowa ci a gasar, masu shaguna har hotonsa suke liƙawa a bango. Bana kuwa, waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa su ne ke yi masa ihu ya fita. Bai taɓa rama ko kalma ɗaya ba. In an tashi wasa sai ya tafa wa masu zaginsa, washegari kuma ya riga kowa zuwa atisaye. Ni dai wallahi a watannin nan na fi sonsa fiye da lokacin da yake ci.

Da safe na biya filin atisayensu kafin in wuce makarantar kurame da nake koyarwa. Na zauna a benci ina kallonsa. Gudunsa na nan, ƙarfinsa na nan. Abokin wasansa ya kutso ta hagu yana kiransa, "Tara, ga ni!" Bai waiga ba sai da ƙwallo ta wuce. Aka sake, ta dama wannan karon, kafin a rufe baki ya juya ya narka ta a raga.

Da koci ya tara su yana bayani, sai na ga ya ɗan karkata kai, idonsa ƙur a kan leɓen kocin.

Shekara shida ina ganin wannan kallon a aji.

Da aka tashi ya nufo ni yana share gumi.

"Malamata, yau ɗalibai sun samu hutu ke nan?"

A watannin nan kullum a damansa yake ajiye ni in muna tafiya, ni kuma na ɗauka gata ne. Ranar sai na zagaya hagunsa, na matso daf da kunnensa.

"Ina sonka," na ce ƙasa-ƙasa.

Ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa.

Na maimaita, da ɗan ƙarfi. Shiru.

Na dawo gabansa na tsuguna.

"Masoyi, tun yaushe kunnenka na hagu ya daina ji?"

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Kin tuna wasan da muka yi karo da gola, kai da kai? Kwana uku kafin a sa mana rana..." ya ce. "Na je wurin likita a ɓoye. Ya ce ba zai dawo ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ƙungiya ta ji, benci za su ajiye ni, daga nan sai gida. Ban iya komai ba sai ƙwallo, Malama. Na ce bari in ƙara ƙoƙari, ko ƙafa za ta rufa wa kunne asiri."

Wata uku yana shan zagi shi kaɗai, da rabin ji, bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Tausayinsa ya kama ni, girmansa kuma ya ƙaru a idona.

"Sirrinka ne," na ce. "Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya ɗago ya ƙura mini ido. Mutumin da ya koyi karanta leɓe ba a ɓoye masa fuska.

"Wa ya sa ki kuka?"

Na yi ta kwana-kwana, ya ƙi saki, har na faɗa masa komai. Ashe bai san an ɗage bikin ba, Yaya ta ce kada a dame shi ana tsakiyar gasa.

Ya miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ina za ka?"

"Wurin koci. Daga can sai gida."

"Ka tsaya ka yi tunani, aikinka ne fa."

"Na yarda a zage ni, ni na zubar da ƙwallayen. Amma ke me kika zubar?"

Ina hangen su daga nesa. Kocin ya dafe kai, ya yi faɗa, ya nuna shi da yatsa, sannan ya rungume shi. Hukuncin da ya yanke shi ne wasa uku a benci saboda ɓoyewar. Bayan haka zai gwada shi a gefen hagu, kusa da layi, yadda kunnen da ke ji zai fuskanci 'yan wasa. In bai yi ba, shi ke nan.

"Ɗayan kuma ya fuskanci 'yan kallo," ya ce da ya dawo, yana dariya idonsa jajur. "Su yi ta zagi, ba kowa a gidan."

Da yamma muka shiga falon tare. Ya durƙusa, ya ajiye takardar likita a cinyar Umma, ya yi bayani tiryan-tiryan. Ƙawar Yaya tana jin kalmar benci ta tuna tana da wani uzuri, ta ɗauki jakarta.

"To ai dai tun da aka sa ranar ne..." Yaya ta fara.

"Kwana uku kafin nan, Yaya. Ga kwanan wata a takarda. Wata uku ina shiga ina fita a gidan nan, ba wanda ya lura. Ita ta lura."

Umma ta shafa gefen kansa.

"Na yi ta cewa ka fara raina ni, ina magana kana wucewa..."

"Ki yafe mini, Umma."

Ni ta kalla, ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo ni ta zaunar a kusa da ita.

"Biki yana ranarsa," ta ce. "Ko ya ci, ko bai ci ba."

Ta goge idonta da gefen mayafi, ta gyara zama.

"Yanzu faɗa mini, 'yata, tunda ke kika san shi. Ta wane gefe zan zauna in yi masa faɗan nan ya shiga?"